Gurbi na Goma Sha Biyu

Ƙarfe uku saura kwata na dare, a Bursa,
masana'antar faifan birki ta yi tsit.
Ba shirun ɗauke wuta ba ne.
Fitilu kore shar, fanka na ta juyi,
mai yana ɗiga a inda ya saba ɗiga,
amma ko ƙusa ba ta motsi a layi na huɗu.

Na ajiye shayina a kan akwatin sifana,
na bi su ɗaya-ɗaya, kamar mai bin sawun ɓarawo.

Hannun ƙarfe ya ɗaga faifai sama, ya ƙame,
yana jiran injin huji ya buɗe baki.
Injin huji ya gama nasa tuni, cikinsa dam,
yana jiran amalanke ta zo ta sauke masa.
Amalanke mai tuƙa kanta tana gefe da kaya niƙi-niƙi,
tana jiran gurbi a kan bel.
Bel kuwa ya cika maƙil,
yana jiran hannun ƙarfe ya rage masa ɗaya.
Kowa riƙe da abin da ɗan'uwansa ke nema,
kowa da gaskiyarsa, kowa da ladabinsa.
Cirko-cirko.
Babu wanda ya lalace, shi ya sa ƙararrawa ba ta kaɗa ba.

Usta Cevdet, shekara talatin da ɗaya a gaban ƙarfe,
ya tura hula ƙeya ya ce,
"Nurhayat, ba na taɓa komai sai kin sa hannu."
Ni kuma ba na sa hannu sai manaja ya amsa.
Manaja, Ilgaz Bey, ya bar sallahu kafin ya kwanta:
kada a tashe shi sai rahoton Usta ya iso.
Muka dubi juna.
Usta ne ya fara dariya, har tari ya sarƙe shi.

Na danna jan maɓalli, na zare makulli na jefa aljihu,
na shiga kejin ba da izinin kowa ba.
Faifai ɗaya na ɗauke daga bel,
kilo tara, da sauran ɗuminsa a tafin hannuna.
Na dire shi a ƙasa, na fito, na murɗa makulli.
Amalanke ta sauke kayanta ta juya,
injin huji ya furzar da nasa,
hannun ƙarfe ya sauko a hankali
kamar wanda ya tuna abin da ya kawo shi ɗaki.
Minti arba'in da biyu muka yi asara.

Na san mafarin abin.
Watan jiya aka zo da takarda ana ƙirga gurabe,
aka ce na goma sha biyu kullum fayau yake,
wai hayar ƙasa muke biya wa iska.
Aka cike shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kafin asuba na zauna gaban allo na rubuta wa na'ura sharaɗi:
kada ki karɓi faifai sai kin hango masa hanyar fita
har ƙarshen layi, ko da kowa ya nemi nasa lokaci guda.
Kowane inji da lambarsa, a roƙa daga ƙarami zuwa babba,
ban da tsallake, ban da waiwaye.
In an cije duk da haka, na baya-bayan nan ya saki.
Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Gari ya waye, ƙanƙara fari fat a kan Uludağ.
Ilgaz Bey ya karanta, ya yi tsaki, ya sa hannu.
Faifan nan bai koma layi ba,
a kansa Usta ke girka butar shayi.

Gurbin kuma ya shafa masa fenti ruwan ɗorawa.
Sabbin yara in sun zo sukan tambaya,
"Usta, me ake ajiyewa a nan?"
Sai ya kurɓi shayi tukuna,
ya ce, "Numfashi."